Ƙananan lambunan gari a bazara: inda ya kamata a je, daga Ngaundare zuwa Njamena

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Garwa ya rubuto cewa yana son ya riƙa fita da iyalinsa shan iska a watannin Maris, Afrilu da Mayu, amma ba shi da halin zuwa manyan gandayen namun daji irin su Waza ko Bubanjida. Yana neman a nuna masa ƙananan lambuna da wuraren shaƙatawa na cikin gari, a arewacin Kamaru da kuma Njamena inda yake kai ziyara wurin dangi. Ya ƙara da cewa akwai wani fili a unguwarsu da matasa ke son mayarwa lambu, ko ta ina za su fara.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, domin babu lokacin da yara ke buƙatar wurin miƙe ƙafa kamar wannan, sa'ad da ɗakin kwano ba ya zaunuwa tun daga hantsi. Sai dai ka cire hotunan lambunan Turai daga ranka. A can waɗannan watanni ne ake fitowa daga sanyi, ana zuwa kallon fure. A Garwa da Marwa da Njamena kuwa zafin rana yakan haura digiri 40 a yawancin ranakun Afrilu. Don haka a wurinmu inuwa da ruwa ne ma'aunin lambu, fure ƙari ne. Wurin da aka ƙawata da fenti da kujerun siminti amma babu babbar bishiya, ka bar shi sai Nuwamba.

Ka fara da sanin bishiyoyin, don su ne za su gaya maka ko wuri zai zaunu. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, takan zubar da wani ɓangare na tsohon ganye wajen ƙarshen hunturu, ta yi sabon toho, ta fitar da ƙananan fararen furanni masu ƙamshi da ake fi ji da almuru. Maɗaci ma yakan sauya ganye a rani, sabon tohon ya fito ja-ja kafin ya koma kore, kuma idan ya manyanta babu mai kai shi faɗin inuwa a kan titi. Tsamiya da mangwaro da ceɗiya da durumi suna riƙe ganyensu, inuwarsu kuma mai kauri ce, ƙasan da ke ƙarƙashinsu ba ya ƙona tafin ƙafa ko da azahar. Gawo na da nasa hali: yana nan shar duk rani, sai ruwa ya sauka ya zubar da ganye, saboda haka har Afrilu za ka same shi da inuwa. Kuka kuwa tsirara take sai gab da damina. Bishiyar turare tana da tsawo da kyan gani daga nesa, amma ganyenta a rataye yake, rana na ratsa shi, inuwarta ba ta tsare komai.

Akwai masu fure ma a wannan lokaci, ga wanda ya san inda zai duba. Marga takan sako dogayen zangarniyoyin fure ruwan ɗorawa tun ba ta gama yin ganye ba. Bishiyar nan da Faransawa suka yawaita shukawa a tsofaffin unguwannin ma'aikata, wadda ake kira filambuwaya, tana yin ja wur a Afrilu da Mayu. Kariya, mai kumburarren gindi, a tsakiyar rani take furenta mai ruwan hoda, amma a hana yara taɓa ta, domin ƙaronta guba ne. A cikin Afrilu ko Mayu kuma shamuwa ke dawowa ta fara gyaran sheƙa a kan manyan itatuwan gari, kuma wannan kaɗai ya isa abin nuna wa yara.

A Garwa, inda kake, gidan namun daji na gari shi ne wuri na farko, ba don dabbobin kaɗai ba, har da tsofaffin bishiyoyin da ke cikinsa. Ku je da sassafe. Da rana ta take dabbobin kan lafe a lungu, yara su ga keji kamar babu komai. Akwai kuma wurin shaƙatawa mai itatuwa da ake kira Parc Boisé, wanda ya fi dacewa da bayan la'asar. Garwa ce mazaunin makarantar horar da ma'aikatan gandun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa, kuma tun da kai malami ne, ya dace ka rubuta wa hukumar makarantar ka nemi izinin kai ɗalibanka ziyara. Sai bakin Binuwai. A bazara ruwa ya ja baya, rairayi ya fito, masu lambun kayan miya suna ban ruwa a gefe, iska kuma ta fi ta cikin gari sanyi. Amma akwai dorina a wannan kogi. Ba a shiga tsakaninta da ruwa, ba a kusantar wadda ke da ɗa, kuma kafin duhu ya yi a bar gaɓa, domin da dare take fitowa kiwo.

Marwa ba ta buƙatar a nemi lambu mai shinge. Titunanta ne lambun. Layukan darbejiya da aka shuka shekaru da dama da suka wuce sun haɗe kai ta sama a unguwanni irin su Domayo da Kakatare, har mutum na iya tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi sosai ba. A wannan lokaci Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin, busasshe ne, yashi ne zalla, da yamma matasa na buga ƙwallo a ciki, wasu na tona rami a yashin suna ɗibar ruwan da ke kwance a ƙasa. Ka nuna wa yara wannan ramin, shi ne ke bayyana dalilin da ya sa bishiyoyin bakin mayo suke kore alhali ba a yi ruwa ba tun Oktoba. Idan akwai abin hawa, a fita zuwa Meskin, inda gonakin albasa da lambunan mangwaro suke. Na mutane ne, sai an yi sallama an nemi izini, kuma ya kyautu a sayi wani abu daga hannun mai lambu. Gargaɗi guda game da mayo: daga ƙarshen Mayu, idan hadari ya haɗu ta wajen duwatsun Mandara, a fita daga cikinsa. Ruwa na iya gangarowa da ƙarfi ko ɗigo bai sauka a Marwa ba.

Wanda yake da halin tafiyar kusan kilomita 280 daga Garwa, Ngaundare ce ta fi ko'ina daɗi a waɗannan watanni. Garin na kan tudu, sama da mita 1,000, kuma ruwan farko kan sauka tun ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, saboda haka lokacin da Garwa ke ƙuna can ciyawa ta fara tsirowa. A cikin gari akwai Bois de Mardock, wurin shaƙatawa mai itatuwa da iyalai ke zuwa. A bayan gari kaɗan akwai tafkin Tizon, wanda yake cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, itatuwa sun kewaye shi. Gaɓarsa na da gangara, a riƙe hannun ƙananan yara. Tafkin Dang kuma, kusa da jami'a, wurin kallon tsuntsayen ruwa ne da safe. A can sai an tafi da laima, domin ruwan yamma ba ya sallama.

Njamena ta fi wuya, gaskiya. Place de la Nation fili ne mai faɗi da kyan gani, amma inuwarsa kaɗan ce, daɓensa kuma na riƙe zafi har bayan faɗuwar rana, don haka wurin bayan magariba ne. Gine-ginen hukuma sun kewaye shi, a kiyaye da ɗaukar hoto barkatai. Abin da ya fi cancantar gani a birnin shi ne lambunan bakin kogin Shari, inda ruwa ya janye ya bar laka, ana noman salak da jirjir da kuɓewa da yakuwa a ƙananan fangaloli. Da sanyin safiya, lokacin da ake ban ruwa, wurin na da ni'ima da ba a samu a cikin unguwa. Masu sayar da dashe a gefen manyan tituna su ma ƙananan lambuna ne da ake shiga kyauta, kuma a nan ne yaro zai ga maɗaci yana ɗan tsiro cikin leda. Tun 2008 gwamnati ta fara shuka zoben itatuwa a kewayen birnin, kuma a Njamena aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka, wato shirin shuka itatuwa don tare hamada, a 2010.

Lokacin fita biyu ne kawai: daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe, ko daga bayan la'asar zuwa magariba. Tsakanin ƙarfe 12 da 4 ba lokacin fita da yaro ba ne, ko da wurin na da inuwa, domin hanyar zuwa ba ta da ita. A tanadi aƙalla lita ɗaya da rabi ta ruwa ga kowane babba don fitar awa biyu, a riƙa ba yara suna kurɓa tun ba su ce ƙishirwa ba. A tafi da tabarma, domin kujerar siminti ko ta ƙarfe da ta sha rana ba ta zaunuwa. Kafin yaro ya hau lilo ko abin sulu na ƙarfe, babba ya ɗora bayan hannunsa a kai ya ƙirga biyar. Idan bai iya jurewa ba, fatar yaro za ta ƙone. Yaron da ya yi laushi, yana kukan ciwon kai ko jiri, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko wuyansa ya sanƙare, asibiti kai tsaye, don bazara lokacin sanƙarau ne. Kada a bar yara su yi wanka a kududdufi ko ruwan da ba ya gudu, nan ake ɗaukar tsargiya. Iskar da ke gaban hadarin farko kuma ita ke karya rassa, musamman na turare da filambuwaya, don haka da an ga gabas ta yi baƙi a naɗe tabarma. Ba a fakewa a gindin bishiya lokacin tsawa.

Yanzu batun filin unguwarku, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a tambayarka, domin lambun da yaro zai taka da ƙafa ya je ya fi wanda sai an hau babur.

Kafin a tona rami ko ɗaya, a tabbatar da matsayin filin. A je wurin jauro ko lawan na unguwa, sannan ofishin magajin gari, a samu takarda. Lambuna da yawa sun mutu ne ba don fari ba, sai don bayan shekara uku wani ya fito da takardar mallaka ya sare komai. Bayan haka a zauna a yi lissafin ruwa, kuma a nan ne yawanci ake kuskure. Matasa kan so shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo. A zafin Afrilu kowace murabba'in mita ta ciyawa na shan kimanin lita 8 a rana. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai ci lita 800 kullum, jarka 40 ke nan masu lita 20. Wannan ruwan zai shayar da dashen bishiya 40, kuma ba kullum ake ba su ba. Ciyawar za ta ƙone a makon da famfo ya ɗauke, bishiyar kuwa bayan rani biyu ko uku ta daina neman ruwan hannu. A bar ciyawa, a share ƙasa a zuba yashi.

Ba a dasawa a bazara. Aikin bazara shi ne shinge da rami da taki. Ana dasawa ne idan ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu ta yi zurfin kamu biyu: wajen Mayu a Ngaundare, Yuni a Garwa, ƙarshen Yuni zuwa Yuli a Marwa da Njamena. Wanda ya ruɗu da ruwan farko ya dasa, sai a yi kwana 15 babu ɗigo, dashen ya ƙone. Wanda kuma ya bari sai Satumba, saiwa ba ta kama ba rani ya riske ta.

Ramin ya zama santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. A ajiye ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu ƙasa kashi ɗaya taki, a ƙara toka cikin tafi biyu, a mayar cikin ramin a bar shi ya sha ruwan farko ya zauna. Ɗanyen kashin shanu na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Idan ƙasar karal ce, baƙar lakar nan mai tsagewa da ake noman muskuwari, wato dawar rani, a cikinta, ramin kan zama kamar tukunya, ruwa ya kwanta a ciki saiwa ta ruɓe. Maganinsa a faɗaɗa ramin zuwa santimita 80, a haɗa da yashi, a dasa a kan ɗan tudu. Mangwaro ba ya son irin wannan ƙasa, bagaruwa da aduwa sun fi jure ta.

Tazara ma abin lura ce. Darbejiya mita 8 tsakaninsu, maɗaci da tsamiya da mangwaro mita 10 zuwa 12. Kowace babbar bishiya ta nisanci katanga da masai da aƙalla mita 5, ceɗiya da durumi ma fiye da haka, domin saiwarsu na bin danshi ta fasa gini. Kada a dasa a ƙarƙashin wayar lantarki. A fi yawaita itatuwa ta yamma da fili, tun da rana ta la'asar ce ke korar mutane. Kuma kada a cika wurin da iri ɗaya. Darbejiya na ba da inuwa cikin shekara huɗu ko biyar, tsamiya na da jinkiri amma jikoki za su ci moriyarta, don haka a haɗa su. Fili mai mita 20 da 30 bai wuce manyan bishiyoyi shida zuwa takwas ba, sai lalle a jikin shinge da zogale a kusurwa.

Wajen sayen dashe, a zaɓi mai tsawon santimita 30 zuwa 50. Dogon da ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe, kuma ko ya girma iska na iya tuge shi. A yanke gindin ledar da wuƙa kamar faɗin yatsa, a tsaga gefe a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, kada a binne shi. A taka kewaye da ƙafa, a yi masa ɗan kwari mai faɗin mita ɗaya, a zuba lita 20 nan take. Da yamma ake wannan aiki. Masu son rainon nasu iri su sani cewa ƙwayar darbejiya ba ta ajiyuwa, cikin 'yan makonni take mutuwa, don haka da an tsinci nunannun 'ya'yan a wanke a shuka. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa kuwa ɓawonsu na da tauri, sai an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana a ciki, ko an ɗan kankare gefe.

Ranin farko ne ke raba mai rai da matacce. Kowane dashe na buƙatar lita 15 zuwa 20 sau biyu a mako daga Nuwamba, sau uku a Maris da Afrilu. Gara a ba shi da yawa jefi-jefi da a yayyafa masa kullum, domin yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke dafa ta. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa marar shafe kusa da dashen har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa, rufin kuma na hana sauro. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a cikin kwarin, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara.

Akuya ta fi fari kashe dashe a cikin gari. Kowane ɗaya na buƙatar kariyar da ta kai mita ɗaya da rabi, ta ragar waya ko ƙaya ko bulo da aka jera da ƙofofin iska. Tsohuwar ganga ko kwano da aka kewaye dashe da shi na ɗaukar zafi ya gasa ganye. Maɗaci na da nasa matsaloli biyu. Akwai tsutsar da ke shiga kan tohonsa ta kashe shi, sai ya yi rassa barkatai tun yana ƙarami, don haka a zaɓi reshe ɗaya mafi ƙarfi a datse sauran. Idan ya girma kuma masu neman magani na sassaƙe ɓawonsa, kuma da sassaƙar ta zagaye gindin bishiyar ta mutu, domin ta ɓawon ne abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. A roƙi limamin unguwa ya yi wa mutane bayanin wannan.

Abu na ƙarshe shi ne rabon aiki. Kada a ce ban ruwa na kowa ne. A rubuta sunan gida a jikin kariyar kowane dashe, gida ɗaya bishiya ɗaya ko biyu, a kuma ware kuɗin ruwan Maris da Afrilu tun lokacin kaka, a hannun ma'aji guda. A ajiye ƙarin dashe biyu ko uku a inuwa, don a maye gurbin waɗanda suka mutu idan damina ta biyu ta zauna.